Dutsen Shanyar Barkono

A duk Tabanni wuri ɗaya tak sabis ke kamawa: kan dutsen da mata ke shanya barkono, a bakin hanyar gona. Can ɗin ma sai ka miƙe tsaye, ka ɗaga waya sama da kanka kamar mai tsinko mangwaro. Ka ɗan sunkuya, shi ke nan ya tafi.

Nan Malama Zakiyya ta mayar aji. Ta daɗe tana koyarwa a firamaren garin, sai aka ce duk wanda ba shi da takardar malanta za a sallame shi. Ga goyo, ga hanyar zuwa kwaleji a Kaduna da ba kullum take biyuwa ba, sai ta shiga karatu ta waya. Malamanta sun fi sanin goshinta da fuskarta. Ana tsakiyar lacca hoto zai daskare, malami baki buɗe, ita kuma ta yi ta "kuna jina?" har awaki suka daina ɗago kai.

Ranar jarrabawar baka, wadda in ta faɗi aikinta ya tafi, ta hau dutse tun da hantsi. An jefo tambayar farko ke nan sai ga surukinta, Malam Ƙasimu, da fartanya a kafaɗa. Tsohon nan dama bai taɓa son karatun ba, cewa yake matar aure ta tsaya kan dutse tana hira da iska ai ba tsari. Ita kuwa tun da aka kawo ta gidansu ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba. Ƙafafunta ba su jira shawararta ba, ta durƙusa har ƙasa. Sabis ya ɗauke ɗif.

Ya amsa gaisuwa, ya tambayi lafiyar jikarsa, mai sunan matarsa, sannan ya lura da hawaye. Kanta a ƙasa ta faɗa masa abin da ya faru. Ya jingine fartanya, ya hau dutsen yana nishi, ya karɓi wayar ya ɗaga sama, ya karkato ta wajenta. Muryoyin malamai suka dawo.

"Baba, hannunka zai gaji."

"Ke dai ba su amsa."

A durƙushe ta gama jarrabawar, don ina za ta iya miƙewa yana tsaye a gabanta. Tsohon yana ta sauya hannu, dama da hagu, amma bai sauke ba sai da ya ji an ce ta ci.