Ni Na Riƙe Mata Kwalaben

Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, daga nan aka kai ni Babbar Kasuwa koyon ɗinki. Don haka ranar da 'yar autata ta samu gurbi a jami'a za ta karanci ilimin ƙwayoyin cuta, ban tsaya bincike ba, na sanar a majalisarmu ta Kurmin Mashi cewa na haifi likita. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata uwata.

Ta ce, "Baba, ni fa ba likita zan zama ba. Abin da ke kawo cutar muke karantawa."

Na ce, "To uwata, ai duk asibiti ne."

Abokaina suka riƙa kawo mata ciwon baya da na gwiwa idan ta zo hutu, ita kuwa ta ce su je asibiti. Suka ce likitar tawa ko allura ba ta iya ba.

A shekarar ƙarshe aka ba ta aikin gwada ruwan rijiyoyin unguwa. Ba a shiga gidan mutane haka nan, sai na saka babbar riga na zama ɗan rakiya. Ni ke yin sallama, ni ke riƙe kwalaben ɗibar ruwan, har Rigasa muka je. Ina leƙa rijiyar mutum in girgiza kai in ce, "Alhaji, wannan ko ba na'ura ina hango ƙwayoyin cutar suna iyo."

Tamu ma na ba ta ta ɗiba, don kawai a samu ta kwatance. Mahaifina ne ya haƙa ta. Ko da bazara ba ta ƙafewa, ga sanyi kamar na randa. Maƙwabta layi suke yi da bokitai.

Da sakamako ya fito, ta same ni a tsakar gida ta durƙusa. Ta ce ruwanmu yana cikin mafi muni. Ta kama hannuna muka ƙirga taku daga bakin rijiya zuwa ramin masai da na haƙa lokacin da na ƙara ɗakuna. Taku tara.

Na ce, "Shekara sittin ina shan ruwan nan, ga ni garau."

Ta ce, "Kai ka saba, Baba. Jikokinka fa, da kowace damina sai sun yi gudawa?"

Ni da nake cewa haƙori ne ke fito musu, har da mai shekara shida.

Mako guda ban kula ta ba. Ranar ta takwas na kira magini ya zuba wa rijiyar murfin siminti, na koma gefe ina yi masa faɗan aikin da bai ɓata ba.

Yanzu tana ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, tana duba jini. Abokan karatunta wasu na koyarwa, wasu na bin ƙauyuka da rigakafi. Jikoki sun daina zaryar bayan gida. Ruwan burtsatse muke sha, wanda ni dai ban ji yana da wani ɗanɗano ba.

Gugan yana nan rataye a jikin bango, na hana a yar. Da la'asar a kan murfin nake zama, sanyin rijiyar yana ratso simintin.