Ranar da Matar Yayana Ta Karɓi Ludayi

Ko tsufa ya kwashe min komai daga ka, ba na jin zan manta ranar da muka yi wa matar yayana tsiren ƙasarsu a gidanmu na Unguwar Dosa.

Yayana ya je karatu Malesiya, ya dawo mana da digiri da kuma mata. Yarinya ce mai kunya, ga addini, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da 'yan kalmomi ba. Kafin ya kama gida a wajenmu suka sauka, Hajiyarmu kuwa ta riƙa lallaɓa ta kamar ƙwai. In ta ɗauki tsintsiya a karɓe. In ta leƙo kicin Hajiya ta ce, "A'a, 'yata, hayaƙi! Je ki huta." Mu a ganinmu gata muke yi mata.

Sai ta fara ramewa. A kai mata abinci ɗaki, a dawo da shi kusan yadda aka kai. Wata rana Yaya ya ja ni gefe ya ce ta soma maganar zuwa ganin iyayenta, kuma yana tsoron in ta tafi ba za ta dawo ba. Ban so jin haka ba, don har ga Allah ina sonta.

Na tambaye shi abin da ta fi kewa. Ya ce wani tsiren kaza ne da suke kira sate, ana dangwala shi a miyar gyaɗa mai ɗan zaƙi. Na yi dariya. Tsire da gyaɗa, a Kaduna? Ai an zo gidan. Na duba yadda ake yi a waya, na sayo kaza da kwakwa da tsamiya da kurkum, har da mazarƙwaila, tunda irin sukarinsu babu shi a nan. Muka shirya da Hajiya za mu ba ta mamaki.

Na yayyanka naman, na cuɗe shi da kurkum da tafarnuwa da citta, na jera a tsinke. Hajiya ta ce in bar mata gyaɗar. Ina dawowa daga hura gawayi na tarar ta matse man tas, ta ajiye a kwano, tana mulmula tunkuza.

Na ce, "Hajiya, me kika yi haka?"

Ta ce, "Me na yi? Wa ya taɓa sa wa tsire gyaɗa da manta? Ƙuli ake sawa."

Da ta ga na ɗauko mazarƙwaila kuwa sai ta riƙe baki. "Ke, miya za ki yi ko kunu za ki dama? Zaƙi a nama?" Muka yi ta jayayya, ni da wayata, ita da shekarunta. A ƙarshe muka zuba tunkuzar a tukunya muka ɗora, abin ya daskare kamar tuwon jiya, ya soma kamawa.

Ƙamshin kazar da ke kan gawayi ne ya fito da matar Yaya. Ta tsaya bakin kicin, ta daɗe tana kallon tsinkayen. Cikin kunya na miƙa mata cokali. Ta ɗanɗana, ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta kasa. Ranar na fara jin dariyarta. Sai ta dubi ludayin da ke hannun Hajiya, ta ce a hankali, "Hajiya, ni?"

Na ga bakin Hajiya ya motsa za ta hana. Sai ta dube ni, ta dube ta, ta miƙa mata.

Nan take yarinya ta zama wata daban. Ta mayar da man cikin tukunya, ta zuba madarar kwakwa, ta jiƙa tsamiya, ta ɓantari mazarƙwailar ta lasa, ta gyaɗa kai. Ni ta sa ni juya tsire, ta kuma ba Hajiya mafici. Hajiya na fifita wuta tana cewa, "Yau na ga ikon Allah, an mai da ni 'yar aiki a kicin ɗina." A kan tabarma muka ci a tsakar gida, matar Yaya ta ci sosai. Hajiya ta ce zaƙin ya yi yawa, amma sau uku tana ƙari.

Muna wanke-wanke matar Yaya ta faɗa min da Turanci cewa a garinsu sabuwar suruka tare da uwar miji take girki tun daga farko. Da muka yi ta korar ta daga kicin, sai ta ɗauka ƙyamar hannunta muke yi. Da na fassara wa Hajiya, ta zauna, hawaye na zubo mata. Ta kira ta, ta riƙe mata hannu ta ce, "Daga gobe girkin rana naki ne."

Matar Yaya ta je ganin iyayenta daga baya, kuma ta dawo, har da tsarabar kayan yaji ta kawo wa Hajiya.

Tun daga ranar na gane cewa hidima kaɗai ba ta sa mutum ya ji ya zama ɗan gida. Muddin ana hana shi taɓa komai, baƙo ne. In kana son wani ya zauna, ka bar shi ma ya yi maka wani abu.