Allurar Hajiya a Cikin Tukunya

Akwai ranar da ko na so in manta ba za ta mantu ba, ranar da na shiga jirgin ruwa da Hajiya Babba a tashar Baltimore ta Amurka. Shekarar nan ce da dusar ƙanƙara ta binne Washington har ma'aikatan gwamnati suka yi kwanaki ba su leƙa ofis ba, mu kuma a Landover muna haƙo motoci da shebur. Ba cikin sanyin muka tafi ba dai, sai da gari ya yi ɗumi, saura kamar wata biyu a kama azumi. Shekarata uku ke nan da dawowa daga aikin Hajji. Ku da kuka shigo aikin jinya daga baya, ku kasa kunne, don yanzu masu gida sun koyi tafiya hutu da tsofaffinsu, wata rana ke ma za a ce ki shirya.

Aikina jinya a gida, wato iyali su ɗauke ka ka zauna da tsohonsu, wanka da abinci da magani duk a wuyanka. Lokacin shekarata biyar ke nan da Hajiya Babba, mahaifiyar Injiniya Sani, a gidansa da ke Germantown. Ciwon suga ne da ita, ga ƙafafu sun gaza, sai a keke ake tura ta. Allura sau biyu a rana, kafin karin kumallo da kafin abincin yamma. Ni ban yi boko ba, amma lamba na sani, launin kowace kwalba na sani, kuma a shekara biyar ɗin nan ban taɓa bari lokacin allura ya wuce ba. A gidan kowa ya san haka, ni ma ban rage faɗa ba.

Da Injiniya ya ce za a yi kwana bakwai a teku har tsibiran Bahamas, sai ya miƙo mini wata takarda. Ya ce, "Inna Talatu, dokokin kaya ne. Ki zauna in karanta miki."

Na ce, "Haba Injiniya. Ni da na je Makka na dawo ko ɗankwali bai ɓata mini ba, takarda ce za ta koya mini ɗaure kaya?"

Ya yi dariya ya ƙyale ni. Da ma bai ƙyale ni ba.

Hajiya ba ta cin abincin kowa. In ba tuwo ba ne, sai ta taɓa ta ture. Mu kuwa a wurinmu matafiyi ba ya fita ba guzuri. Don haka na ɗauki ɗan rishona na lantarki, da tukunya, da muciya, da wuƙa, da garin kuka da daddawa da yaji. Sai na zo kan allura. Tun ina yarinya uwata ta koya mini cewa abu mai daraja a tsakiyar kaya ake binne shi, inda hannu ba ya kaiwa. Na zuba ƙanƙara a fulas, na jera kwalaben, na sa fulas ɗin cikin tukunya, na naɗe tukunyar da zani biyu, na danna ta tsakiyar akwatina, na sa kwaɗo. Har ina yaba wa kaina.

Ga yadda shiga jirgin take, don wadda ba ta taɓa zuwa ba. Kana sauka daga mota, 'yan dako za su karɓi manyan akwatuna, kowanne da lambar ɗaki a maƙale, su loda a amalanke. Daga nan ba ka ƙara ganin kayanka sai yamma, sai dai ka tarar da su a ƙofar ɗakinka. A hanya kuwa kowane akwati sai ya bi ta cikin na'urar da ke ganin abin da ke ciki. Kai kuma a duba fasfonka, a ɗauki hotonka, a ba ka kati ɗaya. Katin nan shi ne makullinka, shi ne shaidarka in za ka sauka ko za ka hau. Masu keke ba sa bin layi, wani ma'aikaci ne ya karɓi keken Hajiya daga hannuna ya tura ta har ciki.

Jirgin nan unguwa ce guda a kan ruwa. Hawa goma sha wani abu, ga lif, ga kantuna, ga asibiti, ga wurin cin abinci da ba a rufewa. Hajiya ta ɗaga kai ta ce, "Talatu, wannan in ya nitse ai da mutanen gari guda zai tafi." Na ce ta yi shiru kada mala'iku su ce amin. Da rana muka je cin abinci, ina juya baya in ɗebo mata ruwa, ashe ta lallaɓa jikokinta sun kawo mata kek har biyu. Bayan nan aka busa ƙaho, aka tara kowa a inda zai tsaya in hatsari ya faru, aka nuna mana yadda ake ɗaura rigar da ke hana nitsewa. Ba a ɗaga wa kowa ƙafa, har tsohuwa mai keke sai an ga katinta. A nan na fara girmama mutanen.

Bayan La'asar jirgi ya tashi. Muka koma ɗaki, ni da Hajiya ɗaki ɗaya, Injiniya da iyalinsa can gaba. Akwatin tufafin Hajiya na ƙofa. Nawa babu. Sai wata 'yar takarda da aka soke a jikin ƙofar.

Na ce wa raina yana tafe. Na zauna. Na leƙa, na koma, na sake leƙawa. Duk ƙofofin layinmu an kwashe kaya. Abincin yamma ƙarfe shida ne, ga biyar ta gota. Na ɗauko abin gwajin jini, shi kam yana jakar hannuna, na tsikari yatsan Hajiya. Lambar da ta fito ta haura duk wadda na saba gani. Na leƙa taga, ƙasa ta yi nisa, kuma an ce sai jibi za mu sake ganin tudu.

Hajiya ba a ɓoye mata abu. Ta ce, "Ke, me ya sa kike zagaye kamar kaza za ta yi ƙwai? Ina allurata?"

Na ce, "Tana akwati, Hajiya."

"Akwatin fa?"

Na hau juya takardar a hannuna.

Ta ce, "A'a, yau gwanar ce ba baki?"

Gaskiya zan faɗa muku, abin da ya kamata in yi tun ƙarfe huɗu shi ne in nemi Injiniya. Girman kai ne ya zaunar da ni. Na fita da takardar a hannu, na tsaya a layin ɗakuna ina kallonta kamar za ta yi magana.

Kowane layin ɗakuna yana da mai kula da shi, shi ke gyara gado, ya kawo tawul, ya san sunan kowa. Namu wani magidanci ne ɗan ƙasar Indunusiya, sunansa Agus, musulmi, don tun da rana da ya ga dardumata ya yi mini sallama. Ya zo wucewa da amalanken tawul, ya dube ni, ya dubi takardar. Daga baya na gane a kife nake riƙe da ita. Bai nuna ya gani ba. Da ɗan Turancin da muke fahimtar juna ya ce, "Mama, rubutun nan ƙanana ne, ni ma sai na sa tabarau. Kawo in duba mana." Ya zaro tabarau ya sa. Allah ya sani ko yana buƙatarsa.

Ya ce masu tsaro sun riƙe akwatin a ƙasa, na'ura ta ga abin da aka hana shiga da shi, kuma mai akwatin ce kaɗai za ta buɗe a gabansu. Ya ce ba gaggawa, ko bayan cin abinci na je. Na ce masa maganin tsohuwa na ciki.

Nan take fuskarsa ta canja. Ya ajiye amalanken a inda yake, ya leƙa ya dubi Hajiya, ya tambayi ƙarfe nawa ake yi mata. Ya zaro wayar da ke ƙugunsa ya yi magana da wuri biyu, masu tsaro da asibitin jirgi. Sai ya ce mu tafi. Na ce a aikinmu ba a barin majinyaci shi kaɗai. Ya ce, "To wa za a kira?"

Hajiya daga kan gado ta ce, "Kira Sani. Ke kuma da bakinki za ki faɗa masa."

Injiniya ya shigo da gudu, takalmi a hannu. Na tsaya a gabansa, ni da na girme shi da shekara ashirin, na ce, "Injiniya, na yi kuskure. Allurar Hajiya na sa a babban akwati, an riƙe shi saboda na sako risho." Ya ce, "Risho, Inna? A jirgin ruwa?" Hajiya ta ce, "To da me za ta yi mini tuwo, da numfashinka? Bar ta ta tafi, kai ka zauna."

Agus ya bi da ni ta wata ƙofa da fasinja ba sa bi. Ashe ƙarƙashin duk ƙawar nan akwai wani gari dabam, doguwar hanya ta ƙarfe, ba kafet ba ado, mutane na kai da kawo da buhunan albasa da tulin zannuwan gado, kowa da saurinsa, ba mai karo da wani. A wani ɗaki muka tarar da akwatuna jere da layin mutane, yawancinsu giya suka ɓoye. Shugabar wurin mace ce, doguwa, farar riga da igiya biyu a kafaɗa. A jirgi yawan igiya shi ne girman muƙami, kyaftin ne mai mafi yawa. Tana ganinmu ta ɗaga wa layin hannu, ta ce magani ne, aka ba mu hanya. Akwatina ma an riga an ɗora shi kan tebur.

Na buɗe kwaɗon. Ta sa safar hannu ta fara fitarwa. Risho, ta ajiye gefe. Wuƙa, gefe. Ta ɗaga muciya ta juya ta, na kwatanta mata tuƙin tuwo, ta mayar. Ta kwance ƙullin daddawa, ta kai hanci, sai ta ja da baya har ta bugi kujera. Duk ɗakin aka fashe da dariya, har ni da hawaye ke idona. Ta ce, "Magani fa?" Na warware zani biyu, na buɗe tukunya, na fito da fulas.

Ba ta yi dariya a nan ba. Ta ce wuta ita ce abin da suka fi tsoro a teku, don ba inda za a gudu, shi ya sa ko dutsen guga ba a bari. Rishon da wuƙar za su ajiye, ranar sauka in karɓa da 'yar takardar da ta ba ni. Sannan ta dafa tukunyar ta ce kakarta ma haka take ɓoye abu.

Kafin mu hau sama nas ɗin jirgi ta riga mu isa ɗaki da jakarta. Ta sake gwada jinin, ta taɓa kwalaben ta ce da sauran sanyi, ba su lalace ba. Ta miƙo mini, ta ce, "Ke kika san hannunta." Ta tsaya tana kallo na auna, na yi bisimilla na yi wa Hajiya allurarta. Shida saura kaɗan. Nas ɗin ta gyaɗa kai ta ce hannuna ya fi na wasu masu takarda. Wannan ma ban rage faɗa ba.

Sauran kwanakin kam sai godiya. Agus ya sa aka kawo ƙaramin firji na magani. Ya nuna mini tashar talabijin da ke nuna inda jirgi ya dosa, da ita nake gane gabas, don alƙibla a teku yawo take, inda ka fuskanta da Azahar ba nan ba ne da La'asar. Ya kai maganar tuwo wurin shugaban masu dafa abinci, wani mai doguwar hula, shi kuma ya zo har teburinmu na kwatanta masa. Washegari sai ga shinkafa an dafa ta luguf an tuƙe, da miyar kukar da na ba su. Hajiya ta ci ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan," ta kuma cinye tas. Ranar da teku ya yi fushi citta na jiƙa mana, kuma an ce ɗakin tsakiyar jirgi da muka samu ya fi sauƙin jijjiga. A daren ƙarshe ana fitar da akwatuna ƙofa a kwashe, to ki ware kayan da za ki sa da safe. Na ga wani bature ya sauka da rigar barci.

Abin da na ɗauko daga tafiyar nan, magani da fasfo da gwajin jini a jikinki suke kwana, jakar hannu, ba akwati ba, ko da tafiyar ta zuwa Baltimore ce kawai. In kin yi kuskure kuma, ki faɗa tun da sauran lokaci, kunyarki ba ta kai ran wanda aka ba ki amana ba. Sannan na ga ma'aikata irin waɗanda nake so ku zama. Mutumin nan wata takwas bai ga 'ya'yansa ba, ɗakuna fiye da goma a wuyansa, amma ya gyara mini kuskurena ba tare da ya tsinka ni ba.

Na ƙara shekara huɗu da Hajiya Babba, a hannuna ta cika, Allah ya jiƙanta. Injiniya Sani na nan Germantown, ya yi furfura, duk Sallah sai ya zo Landover gaishe ni, kuma bai taɓa shigowa bai tambaye ni ko risho na nan lafiya ba. Agus ban sake jin labarinsa ba. In yana raye, Allah ya mai da shi gida cikin iyalinsa. In ya riga mu, to yana cikin mutanen da nake ambata da Asuba. Sai ni, ga ni nan, gwiwa ta gaza amma baki bai gaza ba.