Kunnen Hagu na Ba-Komai

Tun yana yaro aka laƙaba masa Ba-Komai, kuma bai taɓa yin abin da zai sa a canja masa suna ba. In aka taka shi a layi, shi ke fara cewa ba komai, tun kafin mai takun ya lura mutum ya taka. Da tela ya ɗinka masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ba komai ya ce, ya dinga tafiya a karkace don kada telan ya ji kunya. Matarsa takan ce ita ma da wannan kalma aka aure ta. Wai ta faɗa masa ba ta iya girki ba kuma tana da faɗa, don ya ji tsoro ya gudu, sai ya ce ba komai, ta rasa ta inda za ta ɓullo masa.

Aikinsa ban ruwan furanni ne a jami'a, a shataletalen da ke gaban ofishin shugaba. An shuka furannin ne yadda za su rubuta sunan jami'ar, amma ba a iya karanta rubutun sai daga hawa na sama, inda shi bai taɓa hawa ba. Kayan aikinsa tiyo ne mai yawan faci, da almakashin aske shinge, da takalmin roba. Da yake kullum bayansa ne ke fuskantar titi, kunnensa ne ke tsare masa rai. Daga ƙarar inji yake gane motar magatakarda, wadda ke cin gefen titi, sai ya ɗage ƙafa ba tare da ya waiwaya ba. Haka ya yi furfura a wurin, mota ba ta taɓa goge shi ba.

Sai aka ɗauke ruwa a ɗakunan kwanan ɗalibai, aka daɗe ba a dawo da shi ba. Ɗalibai suka fito zanga-zanga da kwalaye a kan sanduna, an rubuta cewa ruwa hakkinsu ne. Masu gadin jami'a su ma suka fito da kulake. A duk faɗin makarantar, wuri ɗaya ne ruwa ke zuba a wannan safiya, wato bakin tiyon Ba-Komai, kuma a nan ɓangarorin biyu suka haɗu. Shi bai gudu ba, domin a harafin farko akwai sabon dashe. Ya sunkuya a kansa yana roƙon kowa ya bi ta gefe, sai wani abu ya sauka a kunnensa na hagu. Masu gadi sun ce sandar kwali ce, ɗalibai sun ce kulki ne. Shi dai ya ga sama ta koma ƙasa.

Da aka ɗago shi, jini na bin wuyansa, shugaban masu gadi ya matso ta damansa ya ce, “Sannu Baba, yi haƙuri.”

“Ba komai,” in ji shi.

Wata ɗaliba ta ɗauka a waya, kafin azahar kowa ya gani.

A asibitin makaranta likita ya ce dodon kunnen ya fashe, sai an yi aiki a babban asibiti. Ofishin ma'aikata kuma ya duba lamarin da idon tausayi, ya ce mutumin da ba ya jin mota ta ɓangare ɗaya bai kamata a bar shi a shataletale ba, don haka za a sallame shi saboda lafiyarsa. Da matarsa ta tambayi wanda zai ɗauki nauyin aikin kunnen, aka tura ta wurin lauyan jami'a. Lauyan ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya kunna mata bidiyon, ya ce jami'a ta so ƙwarai ta taimaka, amma mai rauni ya yafe da bakinsa a gaban shaidu, kuma rashin ladabi ne a tilasta wa dattijo hakkin da ya ce ba ya so.

Ta dawo gida ta kira ƙaninta, wanda shi ma lauya ne, ko da yake yawanci rikicin 'yan haya yake yi. Ƙanin ya zauna a tabarma ta dama da mijin yayarsa, ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce wanda aka ji wa ciwo a bakin aiki yana da hakkin a yi masa magani. In mai gadi ne ya buge shi, wanda ya ɗauki mai gadin aiki ne ke da alhaki. In ma ɗalibi ne, ai jami'a ce ta ajiye shi a tsakiyar titi da tiyo, ita ya kamata ta kare shi. Ga shaidar likita, ga bidiyo, ga mutane. Abu ɗaya ya rage, ya buɗe baki ya ce da komai.

“Yaya, maimaita. Da komai.”

“Ai yaran ƙishirwa suke ji.”

“Ba tarihin yaran na tambaye ka ba.”

“Shi ma mai gadin yana da iyali.”

“Kai kuma kaji gare ka?” in ji matar daga bakin ƙofa.

Suka shiga koya masa. Ƙanin ya taka masa ƙafa da gangan, ya ce yi haƙuri, Ba-Komai ya cije leɓe, ya yi zufa, ya ce ba komai. Matar ta ɓoye masa hula, ta zuba masa gishiri a shayi, duk amsa ɗaya. Sau ɗaya ya kai ga cewa “da”, sai tausayin ƙanin ya kama shi, ganin yadda yake wahala, ya ƙarasa da “da ma ba komai.” Ƙanin ya ce ya sha ganin wanda lauyansa ya kayar da shi, amma bai taɓa ganin wanda tarbiyya ta kayar ba.

Duk da haka ƙanin ya kai koke, jami'a ta kafa kwamiti. A zaman farko aka gayyato wani farfesan harshe ya fayyace ma'anar ba komai. Farfesan ya ce kalmar kan nufi na yafe, kan nufi kada ka gode mini, kan nufi rabu da ni, kuma a bakin mata kan nufi za ka gani. Ya ce komai ya dogara da karin murya. Aka yi ta maimaita bidiyon har ɗan kwamiti ɗaya ya fara gyangyaɗi, amma jiniyar da ke kuka a cikin bidiyon ta danne karin muryar. Daga ƙarshe aka yanke shawara mai sauƙi: a kira mutumin, shugaban kwamiti ya ba shi haƙuri a hukumance. In ya ce ba komai, magana ta mutu, a sallame shi cikin mutunci. Lauyan jami'a bai yi jayayya ba, domin ya riga ya bangaji Ba-Komai a baranda don gwaji, ya kuma samu abin da yake nema.

Ba-Komai ya san abin da ke gabansa. Ya san in kalmar ta fita, shi da shataletale sai kallo, kunnen kuma ya tafi ke nan. Ya kuma san za ta fita. A ranar zaman ya sa rigarsa mai kyau kamar mai zuwa ban kwana, har ya ratsa ya nuna wa wanda ke riƙon aikinsa inda tiyon ke yoyo.

Ɗakin taron dogo ne, da tebur mai sheƙi, da na'urar sanyaya ɗaki mai gurnani a bangon dama. An ajiye masa kujera yadda shugaban kwamiti zai kasance ta damansa, saboda a tausaya wa larurarsa. Matarsa ta dubi kujerar, ta dubi na'urar, ta ce likita ya hana sanyi ya bugi kunnen mai ciwo daga nesa, sai dai ya zauna kusa da na'urar ya ba ta kunne mai lafiyar. Ba wanda ya fahimci wannan ilmin, amma ba wanda ya so a ce ya yi gardama da likita. Ta ja kujerar da kanta zuwa ɗaya ɓangaren. Yanzu kunnensa na dama yana manne da gurnanin na'ura, na hagu kuma yana fuskantar kwamiti. Shi ya ɗauka kulawa ce, ya ji daɗi.

Ya ga shugaban kwamiti ya gyara tabarau, bakinsa ya fara motsi. Ya zaci da 'yan kwamiti yake magana, don haka ya haɗa hannu a cinya yana jiran a zo kansa. Da yake an koya masa duban babba in yana magana, ya zuba wa shugaban ido, bai ƙifta ba.

Daga baya ne ƙanin matarsa ya ba shi labarin abin da ya wuce. Shugaban ya ce jami'a na ba shi haƙuri. Shiru. Ya sake faɗa, ya ƙara da cewa haƙuri mai yawa. Shiru. Lauyan jami'a ya sa baki ya ce Baba ai an san ka da yafiya. Ba-Komai ya juyo da idon nan kan lauyan, ya ajiye. Mutanen ɗakin sun saba da ihu, sun saba da kuka da barazanar kotu, amma ba su taɓa ganin mutumin da ya shekara da shekaru yana cewa ba komai ya yi shiru ba. Farfesan harshe ya raɗa wa na kusa da shi cewa wannan ita ce ma'anar da ya manta, kuma ta fi sauran haɗari. Shugaban ya share goshi ya ce jami'a za ta ɗauki nauyin aikin kunnen. Shiru. Ya ce kuma ba za a sallame shi ba. Da shirun ya ci gaba, har ya fara maganar sabon tiyo, sai matar ta miƙe ta ce sun gode, ta ja hannun mijinta.

A baranda ya tambaye ta yaushe za a fara.

“An gama, Baban yara.”

“Ba a tambaye ni komai ba.”

“Ka amsa duka.”

An yi aikin, kunnen ya dawo, sai ɗan ƙugi da yake yi in za a yi ruwa. Amma labarin warkewar bai bazu ba, domin matar ba ta faɗa wa kowa ba, shi kuma ba a tambaye shi ba. Ya koma shataletalensa da sabon tiyo.

Wata safiya shugaban masu gadi ya jingine babur a kan harafin farko, tayar ta danne furanni. Ya zo ta hagu ya ce Baba yi haƙuri, yanzu zan fito. Ba-Komai ya ji shi sarai. Kalmar ta taso har ta iso bayan haƙora. Ya danne ta, ya ɗago ido ya zuba masa. Mutumin ya yi ɗan tsaye, ya janye babur ɗin, ya durƙusa ya tayar da furannin da hannunsa, ya tafi yana waiwaye.

Ba-Komai ya jira har ya sha kwana, ya duba hagu da dama, sannan ya sunkuya wajen furannin ya faɗa musu a hankali, don kada kalmar ta kwana masa a ciki.