Kwanon da Hamma ya mayar mini

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Hamma Usmanu, amma a makon nan na kasa zama wuri ɗaya saboda shi. Masu rubutu sun sha yabon gaskiyarsa a jarida. Ni ƙanwarsa ce, dambu nake dafa masa kowace Jumma'a, kuma abin da na sani ta bakin kwano na san shi.

Lokacin da yake lauya mai zaman kansa, a wani ɗan ofis kusa da Kasuwar Jalingo, ba a taɓa ganin mai ci irinsa ba. Manoma su kawo doya, makiyaya su kawo kindirmo, ya zauna a tabarma ya ci da su hannu baka hannu ƙwarya. Da ya koma aikin gwamnati a ma'aikatar shari'a, gidansa na unguwar Barade ya zama kamar tasha. Har ninka dambun nake yi, don na san ba shi kaɗai zai ci ba.

Ranar da aka naɗa shi alƙali muka yi guɗa, ashe ƙofa muke rufe wa kanmu. Ya daina zama a majalisar abokansa. Biki da suna sai dai ya aika matarsa. Naman layya ma, in daga hannun wanda bai yarda da shi ba ne, komawa yake yi. Mutane suka ce girman kai ne, ni kuwa ina kare shi, har abin ya zo kaina.

Ƙanen mijina ya shiga rikicin fili, ƙarar ta faɗa gaban Hamma. Jumma'ar nan na aika da dambu kamar kullum, kwano ya dawo a cike, ko murfin ba a ɗaga ba. Na yafa mayafi na tafi ina huci. Na tarar ya riga ya miƙa shari'ar ga wani alƙali, amma duk da haka ya ce kada in ƙara aikowa sai an yanke hukunci.

"Dija, in baki ya ci, ido kan ji kunya," in ji shi. "Ni na san dambunki ne. Mutumin da ke ɗaya ɓangaren bai sani ba."

Har gobe ina cewa ya wuce gona da iri. Uwa ɗaya uba ɗaya, a ce tuwona ya zama toshiya? Shari'ar ta ja, Hamma ya kwanta ciwo kafin a gama ta. A asibiti ya sake cin abincina, lokacin da cokali biyu ke isarsa. Wannan ne ke ci mini rai.

Yau da ake kai wa manya buhunan shinkafa da rana tsaka ba mai ɗaga ido, ina tambayar kaina me zai ce. Wataƙila ba zai ce komai ba, ƙofarsa kawai zai ƙara wa sakata.

Abin da ya tayar mini da tsohon miki shi ne Nafisa, 'yarsa, wadda na goya tun tana shan nono. Ta yi karatun lauya, kuma an rantsar da ita majistare. Ga shi ɗana Sani yana da ƙara kan rumfar kasuwa a kotun da aka tura ta. Shekaranjiya ta zo gaishe ni a gidana na unguwar Sarkin Dawaki, na zuba mata ruwa, ta riƙe kofin har ta tashi ba ta kai baki ba. Da za ta fita ta ce, "Goggo, ki yi mini addu'a." Muryarta ce, amma tsayuwar ubanta ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Hamma bai bar gidaje ba, bai bar gonaki ba. Abin da ya bari shi ne wannan hali, kuma ban sani ba ko gado ne ko nauyi ya ɗora wa yarinyar nan.

Gobe Jumma'a. Na riga na jiƙa tsaki, na gyara zogale, kuma zan aika mata. In kwanon ya dawo wayam, 'yata tana nan. In ya dawo a cike, yayana bai mutu ba. Wallahi na rasa wanne zan roƙa.