Amin ɗin da ya maƙale mini a wuya

Shekarun baya can, ni ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu da ke Sabon Gari. Ba yabon kai ba, in na ɗaga murya har masu wucewa a titi sai sun waiwayo. Kwatsam sai maƙoƙo ya fito mini. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma bai ɓoye mini ba, muryar tana iya dawowa, tana iya ƙi.

Ana gobe za a kwantar da ni, na je rufe shagon ɗinkina a Fagge. Maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Barno mai sayar da turaren wuta, ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri."

Na juya zan sa wa ƙofa kwaɗo.

"Madam, ba amin?"

Na ce, "Hajiya, ni fa na riga na zaɓa. Ki dai ce Allah ya bar mini muryata."

Ta yi dariya ta ce, "To, sai ki aika masa da zaɓin naki."

Maganar nan ta bi ni har gadon asibiti. Ni da nake jan mata waƙar miƙa wuya ga nufin Ubangiji duk Lahadi, yau ga shi an ce in miƙa wuyan da gaske, ina ta ja da baya. Sai da aka turo ni ƙofar ɗakin tiyata na ce a zuciyata, "Yesu, ga wuyan, ga muryar. Naka ne."

Muryar ba ta dawo ba, sai dishi-dishi. Ranar da na ji wata tana ba da waƙata, na sha kuka, kuma kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Amma na ƙi zaman gida. Na ɗauki tulun kiɗa na ce sai na iya. Tafin hannuna ya kumbura, na yi ta ɓata musu kiɗa suna ƙunshe dariya. Ban fasa ba. Yau ni ce mai tulu.

Har yanzu ban san dalilin Ubangiji ba, na kuma daina jiran sai ya yi mini bayani kafin in bi shi.

Da na koma shago, Hajiya ta leƙo yi mini sannu. Na ce ta maimaita addu'ar nan tata. Ta maimaita. Na tattaro ɗan abin da ya rage mini a maƙogwaro na ce, "Amin." Da kyar ya fito, amma ta ji.