Yadda Masifar Hussaina Ta Shiga Kaset

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, ɗalibi ne ko matar ɗalibi, ya san Hussaina matar Malam Hambali. In bai san ta da tuwonta ba, ya san ta da bakinta. 'Yar Funtuwa ce, kuma kafin mijinta ya sami gurbin digiri na uku a Kuala Lumpur tana koyarwa a wata firamare, inda aka shaide ta da cewa ba ta iya ganin abu ta wuce ba ta tanka ba. Da ta zo Malesiya sai ta sami fili. Shinkafarsu mai kwakwa ta ce da man shafawa aka dafa ta. Duriyan, wannan ɗan itace mai wari, ta ce ko akuyar Funtuwa ba za ta yarda a zubar mata da mutunci da shi ba. Jirgin ƙasan cikin gari, LRT, kaɗai ta rasa aibinsa, sai ta ce mutanen ciki shiru kamar an tafi ta'aziyya.

A saman wani ginin shaguna suke haya. A ƙasa akwai mamak inda ake sayar da shayi da gurasar Indiyawa, hawan tsakiya babu kowa, su kuma suna can ƙoli da 'yarsu Mubina. A nan Hussaina take tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka, ran Juma'a ta yi waina, gwagwaren ɗalibai daga Wangsa Maju har Bukit Jalil su yi ta aiko masu babur suna karɓar tapau, wato ƙunshin abinci na tafiya da shi. Tana yi musu abincin tana zaginsu a waya, cewa an turo su karatu sun zo sun zama bayin ciki. Su kuma suna dariya suna ƙara oda.

Zamanta lafiya lau har ranar da wasu samari huɗu suka kama hawan tsakiya. Ta gan su ta taga suna hawa da kaya: ganguna, jita, da wasu baƙaƙen lasifikoki kamar firji. Duka huɗun sanye da baƙaƙen riguna da wanduna yagaggu a gwiwa, ɗaya ya tayar da gashinsa tsaye kamar zakaran da aka jiƙa. Ta ce wa mijinta masu gyaran rediyo ne suka zo, kuma daga gani sana'ar ba ta karɓe su ba.

Ran Asabar bayan azahar suka fara. Da farko ta ɗauka tiransifoma ce ta kama da wuta, har ta yi salati ta nufi mita. Sai ta ji wani yana kururuwa a cikin ƙarar kamar an taka masa wutsiya, gangar kuma tana gudu kamar ana korar ta. Murfin tukunya ya shiga rawa a kan murhu. Malam Hambali, mutum mai sanyin hali da ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma a ƙasar mutane, ya toshe kunnensa da auduga ya ci gaba da rubutunsa. Ya ce mata wani abokinsa ya gaya masa kiɗan sunansa punk, akwai kuma wanda masu shi da bakinsu suke kira noise, wato ƙara.

"To alhamdu lillahi tunda sun san sunan cutarsu," in ji ta.

Ta yi haƙuri na 'yan makwanni, wanda a wurinta babban abu ne. Ranar da haƙurin ya ƙare, Mubina ce ke kwance da zazzaɓi, ga miya a wuta. Hussaina ta zura hijabi, ludayi a hannu, ta sauka ta banka ƙofarsu. Ta fara da Turanci, amma Turancin bai ɗauki nauyin abin da ke ranta ba, sai ta koma Hausa. Ta ce musu injin niƙan unguwarsu ya fi su iya waƙa, don shi ko ba komai yana fitar da gari. Ta tambaye su ko ba su da iyayen da za su saya musu allura da zare. Ta gaya wa mai gashin zakara cewa in aljanu ne a kansa ya faɗa, akwai masu ruƙiyya a gari. Masu jita suka daskare, amma mai ganga da yake idonsa a rufe yake bai san ta shigo ba, ya ci gaba da dukan abinsa har ta gama ta fita. Abin da ba ta sani ba, a ranar suna ɗaukar sauti, kuma babu wanda ya tuna ya kashe na'urar.

Washegari babbansu ya hau da kwandon ayaba yana ba da haƙuri. Sunansa Hafiz, Bamalaye ne mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma da ya cire baƙar rigar ya sa ta aiki sai ya koma mutum sosai. Ya yi alkawarin za su lilliƙa soso a bango. Suka lilliƙa, ƙarar ta ragu daga tashin alƙiyama zuwa hatsarin mota, Hussaina ta ɗauka magana ta mutu.

An yi watanni, sai ga Adnan, wani ɗalibin kwamfuta daga Bukit Jalil da ke cikin masu cin tuwonta, ya zo da kansa maimakon ya aiko. Yana ƙunshe dariya ya miƙa mata wayarsa. Wani shafi ne na masu farautar faya-fayen da ba a sani ba, irin waɗanda ake buga 'yan kaɗan a sayar a bayan shago. Marubucin ya jero waɗanda ya ce duk mai kunne ya kamata ya nema, a cikinsu har da kaset na wata ƙungiya mai suna Kipas Patah, wato karyayyar fanka. Sunan kaset ɗin Makcik Atas, gwaggon saman bene. Adnan ya fassara mata abin da aka rubuta: wai a ƙarshen kaset ɗin wata mata 'yar Afirka da ba a san ko wace ce ba tana rera waƙen baƙin ciki a kan zaluncin birni da ƙuncin baƙunta, cikin wani tsohon harshe mai tsarki.

Ya danna. Ga ganga tana gudu, ga muryar Hussaina tana tambayar allura da zare.

Abin da ya fara ƙona mata rai shi ne gwaggon. Ita da ba ta kai arba'in ba. Na biyu kuwa marubucin, wanda ta ce da ganin rubutunsa bai taɓa shan zagi mai kyau ba a rayuwarsa, shi ya sa ya ji ya ɗauka addu'a ce.

Malam Hambali shi tsoro ya ji. Kafin la'asar maganar ta shiga zauren matan ɗalibai na waya, Hajiya Ɗelu, wadda ta fi kowa daɗewa a garin kuma take ɗaukar kanta uwar kowa, ta saki dogon saƙon murya a kan matar aure da muryarta ke yawo cikin kiɗan 'yan iska. Shi kuma yana ta lissafin abin da zai faru in labarin ya kai ga masu ɗaukar nauyin karatunsa. Ya roƙe ta ta yi shiru, ƙura za ta lafa.

"Abban Mubina, an sace min murya an kai kasuwa, kai kuma maganin da ka gani shi ne in haɗiye sauran?"

Ya ce ba haka yake nufi ba. Ta ce ta san abin da yake nufi, ya koma wa babi na huɗu na kundin digirinsa da ya shekara yana yi wa jinya. Hajiya Ɗelu kuwa ta aika mata amsa a taƙaice, cewa ita dai an ɗauki muryarta ba da saninta ba, wasu kuma kullum da saninsu suke sakin tasu babu mai saye.

Ta sauka wurin Hafiz. Ya ga fuskarta ya san ta ji. Bai yi musu ba, ya ce sun saurari abin daga baya suka ga duk abin da suka shekara suna nema a kiɗansu, wato fushi na gaskiya, ita ta shigo da shi da ludayi a hannu. Ya ce ya so ya nemi izini, tsoronta ya hana shi. Ta ce tsoron bai hana shi sayarwa ba. Ya sunkuyar da kai.

A nan ta fara ganin ɗakin da kyau. Bango guda cike yake da kaset da faya-fayai, daga Ipoh, daga Bandung, daga Manila, daga wasu garuruwan Japan, bangon kowanne an yi shi da fotokwafi, wasu da hannu aka rubuta sunan. Hafiz ya ce akwai wanda duk duniya bai fi mutum talatin suka mallaka ba. Ta ce ai mutum talatin ɗin ma sun yi yawa, Allah ya ba su lafiya. Don ya nuna mata ba raini ya sa suka saka ta a ciki ba, ya shiga sa mata waɗanda ya fi ji da su. Na farko ta ce tifa ce ke juye tsakuwa. Na biyu, wanda ya ce wasu 'yan makaranta suka ɗauka a garejin babansu, ta ce uban ne abin tausayi. Na uku ƙara ce zalla babu ko ganga, Hafiz ya lumshe ido yana gyaɗa kai, ta tambaye shi ko ya tabbata ba na'urar ce ta lalace ba.

Sannan ta ce ya sa mata nata, daga farko har ƙarshe. Ta tsaya ta harɗe hannu ta saurara. Da ya ƙare, Hafiz ya fara ba da haƙuri karo na biyu, ta katse shi.

"Ina maganar ruƙiyyar?" ta tambaye shi.

Ya ce kaset ɗin ne ya cika, dole suka yanke ƙarshen.

"Kun yanke inda ya fi daɗi, kun bar wannan mai gangar yana danne ni. Ko satar ma ba ku iya ba."

Duk da haka ta sa ya cire waƙar daga intanet a gabanta, ya kuma kwashe sauran kaset ɗin da ba a sayar ba ya ba ta, ta zuba su a jakar shara. Waɗanda suka riga suka fita babu yadda za a yi da su. Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar mata da ra'ayinta a kan 'yan Adam: da aka ji kaset ɗin ya ɓace, sai masu farautar suka haukace a kansa. Hafiz ya ce har daga Osaka wani ya rubuto yana roƙo. Wani saurayi mai ɗan kunne a hanci ya taɓa tare ta a bakin mamak ya tambaya cikin rawar murya ko ita ce Makcik Atas. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce a'a, waccan ta rasu.

Maganar ba ta taɓa kai wa masu ɗaukar nauyin Malam Hambali ba, zauren matan kuma ya sami wata sabuwa ya koma kanta. Samarin suka daina kiɗa sai ran Lahadi da rana, lokacin da take kai Mubina islamiyya a Wangsa Maju. Suka kuma kamu da wainarta. Hafiz in ya hau karɓar tapau yakan zo da sabon abin da ya samo a wayarsa, ya tsaya daga bakin ƙofa ya sa mata kaɗan, ita kuma ta yanke hukunci tana juya tanda. Ya roƙe ta ya riƙa buga maganganunta a 'yar mujallar fotokwafin da yake rabawa, ta ce boleh, wato ta yarda, amma sai ranar da ya ɗinke wandonsa.

Sau ɗaya tak abin da ya sa mata ya taɓa ta. Wata mata ce daga Bandung, ita kaɗai da jita mai tsatsa, tana ihu har muryarta ta dushe ta koma kamar kuka. Hafiz ya ce mijinta ne ya mutu a wurin aikin gini, ta ɗauki kaset ɗin a kicin ɗinta, ba ta kuma sake yin wani ba. Hussaina ta yi ta saurare har wainar ta fara ƙonewa.

"Wannan dai ta san abin da ke damunta," ta ce. Sai ta ƙara da cewa jitar ce dai a kai ta wurin makaniki.

Kipas Patah ba ta yi tsawon rai ba. Mai gangar ya yi aure, matar ta ce ko ita ko gangar, mai gashin zakara ya aske ya sami aiki a banki. Hafiz ya kwashe kaset ɗinsa a motar aikinsa ya koma gidan mahaifiyarsa a Gombak, amma har yanzu ran Juma'a yana aiko mai babur. Hawan tsakiya kuwa wani ya kama ya buɗe gidan karaoke, inda ma'aikatan ofis ke zuwa da yamma suna jan waƙoƙin soyayya da iyakar gaskiyarsu. Malam Hambali, wanda yanzu ya kai babi na biyar, ya ce ai wannan da sauƙi, ko ba komai waƙa ce. Hussaina ta ce shi ya sa ba a tambayarsa. Waɗancan yaran, in ji ta, sun san ba su iya ba, har suna rubutawa a jikin kaset. Waɗannan kuwa babu wanda ya taɓa gaya musu, kuma tana nan tana jiran ranar da za ta sami sarari ta sauka.